Inda Labari Yake Cijewa

Ba a farkon littafi marubuci yake shan wuya ba. Farko daɗi gare shi: labari sabo ne fil, mutanen cikinsa ba su gundure ka ba tukuna, hannu kuma ba ya ko son ajiye alƙalami. Ƙarshe ma da sauƙinsa, domin in ka hango masauki ƙafa da kanta take ƙara sauri. A tsakiya ne littattafai suke mutuwa. Duk wanda ya zauna da marubutan ƙagaggun labarai a Kano ko Katsina ko Gusau ko Damagaram ya san da haka. Da wuya ka sami wanda ba shi da wani littafin rubutu da ya cika rabinsa, ya tura ƙasan akwati ko ƙarƙashin katifa. Na yanzu kuwa nasu yana cikin waya, babi tara ko goma sha biyu, daga nan tsit. In ka tambayi dalili, amsa ɗaya ce: ilhama ta ɗauke.

Na daɗe ina juya wannan amsa a raina, ban kuwa gamsu da ita ba. Ba musun ilhama nake yi ba. Wanda ya taɓa farkawa tsakar dare da cikakkiyar jimla a bakinsa, bai san daga inda ta faɗo ba, ba zai musa ba. Baiwa ce, Allah yana jefa ta a zuciyar wanda ya so. Sai dai mun ɗora wa kalmar kayan da ba nata ba, duk rubutun da ya tsaya sai mu ce ita ce, har ta zame mana mafaka. Mawaƙi yana iya bin zuga ɗaya ta zuciya ya kai ƙarshen waƙarsa kafin gari ya waye. Mai ƙagaggen labari ba shi da wannan gata. Aikinsa na watanni ne, wani lokaci na shekaru, kuma a cikin watannin nan za a yi haihuwa, a yi rasuwa, zazzaɓi ya kwantar da yaro, mai gidan haya ya aiko. Babu zugar da take jure wannan duka.

A ganina, abin da ya fi ɗaukewa a tsakiyar littafi shi ne ji. Marubuci ya daina jin mutanensa. Suna buɗe baki, amma muryarsa ce take fitowa, ko muryar wani littafi da ya karanta, ko ta wani fim. Kalmomin suna nan a kan takarda, babu kuskuren nahawu, sai dai ba su da mai su. Hannu kuwa ya fi kai saurin gane ƙarya. Da ya ji abin da yake zubawa ba maganar kowa ba ce, sai ya yi sanyi, mai shi bai ma san dalili ba. Wannan sanyin ne muke ce wa ɗaukewar ilhama.

Akwai abin lura a yadda ƙagaggen labari na boko ya fara a ƙasar nan. A 1933 ne Dokta Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai da 'yan boko su rubuta labarai don gasa. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa wahalar farko ita ce shawo kan malamai su yarda ƙirƙirar labari aiki ne da ya dace da mai ilimi, domin a wurinsu wannan sha'anin tatsuniya ne, na mata da yara. Littattafan nan biyar da muke tinƙaho da su, Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, daga wannan yunƙuri suka fito. Babu wanda ya zauna jiran wani abu ya sauko masa. An ce a rubuta, an sa wa'adi, aka rubuta. Haka abin ya maimaita kansa lokacin da gasar kamfanin ɗab'i na NNPC a Zariya ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980, haka kuma gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC take sa mata ɗaukar alƙalami tun 2016. Wa'adi yana zaunar da mutum. Amma ba shi ne yake ba shi abin faɗa ba.

Abubakar Imam, marubucin Ruwan Bagaja, yana ɗan shekara 22 lokacin gasar farko, malamin makaranta a Katsina. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ya sha daga Maƙamatul Hariri, inda matafiyi yake ta cin karo da hatsabibi guda gari bayan gari. Amma Malam Zurƙe ɗan Muhamman, hatsabibin Ruwan Bagaja, ba Balarabe ba ne da aka sa wa babbar riga. Cika-bakinsa da kirarinsa da rashin kunyarsa duk na bakin kasuwarmu ne. A 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya, aka jibge masa littattafan labaran Larabawa da na Indiya da na Turai, cikin kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Ƙashin labaran da yawa na aro ne, kowa ya sani. Abin da ya sa har gobe yaro yake karantawa ya rantse a bayan gidansu abin ya faru shi ne bakin mutanen ciki: yadda bafade yake lanƙwasa harshe gaban sarki, yadda aku yake jan mai sauraro da daɗin baki har ya manta abin da ya tashi yi, yadda ɓarawo yake rantsuwa. Wannan bai same shi a cikin littattafan da aka jibge masa ba. Shi kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar ne shekara talatin kacal bayan zuwan Turawa, lokacin da waɗanda suka ga harin bayi da idonsu suna nan da rai. Uwar nan da ta ratsa Sahara tana neman ɗanta tana da nauyi irin na maganar da aka ji daga bakin tsofaffi.

Bari in kawo abin kusa. A ce ga marubuciya ta kai babi na goma. Mijin tauraruwarta zai ƙara aure, har an sa rana, ita ba ta sani ba sai da maƙwabciya ta tsegunta mata da la'asar. Yanzu ga shi ya shigo gida da dare. Nan littafin ya cije. Ta rubuta shafi uku na kuka da dogon jawabi, matar tana lissafa shekarun da ta yi tana haƙuri, tana cewa ya ci amanarta, tana kiran Allah ya isa. Ta karanta, ta ji abin bai zauna ba, ta yaga. Ta sake, ta yaga. Daga nan ta ajiye littafin, ta ce ilhama ta gudu.

Ba ilhama ba ce, matar cikin labarin ce ta gudu. Macen da ta shekara ashirin a ɗakin miji a cikin birnin Kano ko Zariya ba lalle ne ta yi jawabi ba. Tana iya kawo masa tuwo kamar kullum, ta ajiye ruwan wanke hannu, ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji." Ya ci ya ƙoshi, ya yi gyaran murya, ya fara kame-kame, ya ce dama akwai maganar da yake so su yi. Ta ce, "To." Ya faɗa. Ta ce, "Allah ya sanya alheri." Ya ce yana fata dai ranta bai ɓaci ba. Ta ce, "Ba komai," tana haɗa kwanuka. Duk Bahaushen da ya karanta wannan sai tsikar jikinsa ta tashi, domin ya san abin da yake kwance a ƙarƙashin "ba komai" ɗin nan, ya kuma san wannan "to" ba ta yarda ba ce. Akwai "to" ta amincewa, akwai ta na ji ci gaba, akwai ta za ka gani, akwai kuma wadda ake ja a hankali in tura ta kai bango. Ƙamus zai ba ka ɗaya ko biyu. Sauran sai a tsakar gida.

A ce kuma matar nan ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba tun ranar da aka ɗaura, kamar yadda iyayenmu mata da yawa ba sa yi. Alhaji take cewa, ko Malam, in kuma tana ba da labarinsa ta ce maigidan. A ce a babi na goma sha huɗu, bayan an yi lefe da kuɗin makarantar 'yarta, bayan amarya ta tare, ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta kira shi da sunansa na yanka. Kalma ɗaya tak. Babu shafi uku na kuka da zai yi aikin da ta yi. Marubuciyar da ta gano haka kuwa ba babi ɗaya ta samu ba. Ta sami dalilin rubuta babi ukun da suke tsakani, domin yanzu ta san inda ta dosa, ta san kowane "ba komai" da matar za ta haɗiye yana matso da ita kusa da ranar nan. Ƙwazon da take ta nema ya dawo da ƙafarsa, ba don wani ya yi mata nasiha ba, sai don ta sake jin matar.

Harshenmu cike yake da abin da ba a faɗa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, kuma kowa ya san wannan ba rashin so ba ne. Suruki da suruka suna kauce wa juna hanya. Ana zuwa neman aure a ce an zo neman iri. Wanda yake rubuta abin da baki ya furta kaɗai, rabin Hausa yake rubutawa, kuma rabin da ya bari shi ne yake ɗauke da labari.

Shi ya sa in matashi ya kawo mini littafin da ya tsaya, ba na ce masa ya je ya huta, ba na kuma fara ce masa ya ƙara karatu, duk da karatu wajibi ne. Tambayarsa nake yi: wane ne a cikin mutanenka ba ka san yadda yake gaisuwa ba? Kusan kullum akwai shi. Ko attajiri ne, marubucin kuwa bai taɓa zama a zauren attajiri ya ga yadda yake amsa mai roƙo ba tare da ya dube shi ba. Ko alƙali ne, ko ungozoma, ko ɗan daba. Sai in ce ya je ya zauna inda irinsu suke, kada ma ya tafi da takarda, don mutane suna sauya baki in sun ga alƙalami. Ƙofar kotu a buɗe take. A can za ka ji alƙali ya tambayi mace abin da mijinta ya yi mata, ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai na gaji." Ya sake tambaya, ta ce maganar cefane ce. Sai a karo na uku, in an yi sa'a, ainihin zancen ya leƙo, shi ma a nannaɗe cikin wani zance. A gidan makoki za ka ji maza a kan tabarma suna shafa fatiha, da an shafa su koma kan farashin taki, baƙo ya shigo su sake ɗaga hannu. Ba rashin tausayi ba ne. Haka mutane suke ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu, kuma marubucin da ya ga wannan da idonsa ba zai sake rubuta zaman makoki na hawaye zalla ba.

An daɗe ana zargin littattafan soyayya na Kano da kwaikwayon finafinan Indiya. Ni ban ga laifin aro ba, tunda Imam ma ya ara. Inda nake jin zafi shi ne in an ari labari an haɗa da bakin masu shi, saurayin Fagge ya tsaya gaban budurwa yana zuba kalaman da babu ɗan Faggen da ya taɓa furtawa. Irin wannan littafi marubucinsa ne yake fara gajiya da shi kafin mai karatu.

Sai dai kunne kaɗai ba ya kai littafi ƙarshe. Kowace majalisa tana da gwanin kwaikwayon murya, wanda in ya ɗauko maganar limamin unguwa ko ta dillaliya sai ka ce su ne, amma bai taɓa cika shafi goma ba. Sai an haɗa da wani abu da yake ci maka tuwo a ƙwarya. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, auren bai daɗe ba ya mutu, sai daga baya ta koma karatu a makarantar manya a Kano. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Wanda ya bi Rabi ta Alhaki Kuykuyo Ne, wadda miji ya kora da 'ya'ya tara ta kama sayar da abinci don ta riƙe su, ko Abu ta Wa Zai Auri Jahila? da aka raba da makaranta aka aurar, ba zai tambayi marubuciyar inda ta samo ƙwarin gwiwa ba. A shekarun nan babu wani babban kamfani da yake jiran rubutunsu. Ita da Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da sauran 'yan ƙungiyar Raina Kama, da kuɗinsu suke kai aiki maɗaba'a, su ɗauko su kai wa masu sayar da littattafai. Mutum ba ya yin haka don wani abu da bai dame shi ba. A 2012 aka buga Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci a Indiya, fassarar Aliyu Kamal, amma lokacin da ake rubuta shi ba wanda ya yi mata alkawarin komai.

Ba ina nufin sai wanda ya sha wuya ne zai yi rubutu ba, ba na kuma son a mai da ƙagaggen labari takardar koke. Abin da yake damunka yana iya zama tambaya kawai. Me ya sa 'yan uwa ɗaya suke daina gaisawa a kan gonar gado? Ta yaya mutumin kirki yake zama azzalumi a cikin gidansa, a waje kuwa kowa yana sa masa albarka? Sharaɗin shi ne ka kasance ba ka da amsar. In kana da ita tun kafin ka fara, wa'azi za ka rubuta, wa'azi kuwa yana ƙarewa a shafi goma, sauran ɗari da hamsin ɗin ciko ne. Littattafai da yawa da suka mutu a tsakiya wannan ne ajalinsu: marubucin ya gama faɗin abin da ya sani tun babi na uku, babu sauran abin da shi kansa yake son ya gano, don haka babu abin da zai tashe shi da asuba.

Najib Mahfuz na Masar, wanda ya sami kyautar Nobel a 1988, ma'aikacin gwamnati ne da ya shahara wajen tsare lokacin rubutu, ba ya wasa da shi. Duk da haka, bayan ya kammala littattafansa uku a kan wani gida na Alƙahira, wajen 1952, shekarar da sojoji suka kifar da Sarki Faruk, sai ya yi kimanin shekara biyar bai rubuta ƙagaggen labari ba. Al'ummar da yake ta tonawa ta sauya a gabansa, tambayar da take tura shi ta kau. Sai da wata sabuwa ta kama shi ya dawo da Auladu Haratina, wanda jaridar Al-Ahram ta buga kashi-kashi a 1959. In mai horon kai irin nasa zai iya yin shiru haka, to horo shi kaɗai bai isa ba.

Amma in babu shi ma babu littafi, kada a yi mini mummunar fahimta. Murya ba ta zuwa wa wanda ba ya zaune. In ka bar mutanenka wata guda, sai ka dawo ka tarar ka manta yadda suke tari. Na san matan da suke rubutu bayan isha, yara sun yi barci, an ɗauke wuta, fitilar waya a haƙora ko a jingine da filo. Na san mazan da suke yi a shago tsakanin mai saye da mai saye. Shafi ɗaya a rana ba ya kama ido. Amma wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda ake tsoma zane ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, a sake tsomawa, a sake, har ya yi baƙi wuluk. Ba tsomi ɗaya ne yake rina shi ba, kuma marini ba ya zama jiran ranar da zai ji sha'awa.

Yau wani sabon ƙaimi ya shigo. Marubuta da yawa, musamman mata, babi-babi suke sakin labari a WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna biye, wasu suna biyan kuɗi, da gari ya waye saƙonni sun taru ana cewa a ci gaba. Wannan ba baƙon abu ba ne gaba ɗaya, don a da ma littafi na ɗaya ne yake biyan kuɗin buga na biyu da na uku. Kuma ba na raina shi. Littattafai da dama da za su mutu a babi na tara sun kai ƙarshe saboda akwai masu jira, kuma sanin wani yana jiranka abu ne mai daɗi da marubutan da ba su samu da wuri haka ba. Haɗarinsa shi ne muryar masu karatu ta fi ta mutanen labari ƙarfi. Su so suke a hukunta amarya yau da dare, a kunyata Alhaji gaban abokansa, matar da ya kamata ta ce "ba komai" ta ɗaga hannu ta sharara masa mari. In marubuciya ta biye musu, labari zai ci gaba da gudu, har ya fi da sauri, masu biya su ƙaru, amma matar da ta fara da ita ta daɗe da barin littafin, wata ce ta ari sunanta. Saboda haka nake ba masu wannan hanya shawara su riƙe babi biyar ko shida a hannu kafin su saki na farko, su kuma ci gaba da riƙe wannan tazara har ƙarshe. Ranar da aka taso ana neman mari, sai ya zamana an riga an rubuta abin da matar ta yi, lokacin da ba mai yi mata ihu a kunne.